Maki tara ko bakwai: yadda ake jin bakin 'yan tanis a ƙananan kwalejojin Amurka

A ƙaramar kwaleji a Amurka, karawar tanis tsakanin makarantu biyu da wasan bibbiyu take farawa. Filaye uku a jere, kowanne da mutum huɗu, waɗanda ba a saka ba sun jingina da shingen waya suna yi wa 'yan uwansu ihu. Idan an gama, a ɗan sha ruwa, sai mutum shida daga kowane ɓangare su shiga wasan ɗaiɗai: na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu, har zuwa na shida. Wasanni tara ke nan.

Shekara da shekaru, a rukuni na uku na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin manyan makarantun ƙasar, kowane wasa cikin taran nan maki ɗaya ne, tawagar da ta riga kai biyar ita ta ci. Daga kakar 2024 zuwa 2025 aka sauya. Wasannin bibbiyu uku suka dunƙule suka zama maki ɗaya tak, na tawagar da ta ci biyu cikin uku. Jimla ta koma bakwai, huɗu ake nema. Jami'ar Chicago, wadda ta ɗauke kofin maza da na mata a 2024, ita ce ta ƙarshe da ta ci a tsohon lissafi. A 2025 jami'ar Denison ta jihar Ohayo ta doke jami'ar Case Western da ci 4 da 2 a wasan ƙarshe na maza, sakamakon da a da ba ya rufe karawa.

Gardamar da ta riga wannan sauyi, wadda har yanzu ba ta lafa ba a bakin koci-koci da tsofaffin 'yan wasa, darasi ce ga duk mai son jin ra'ayin jama'ar da ba su da yawa, kuma kowa ya san kowa. Tambayar da ta fi zuwa baki ita ce "tara kake so ko bakwai?" Wannan tambayar ba ta auna abin da ake zaton tana aunawa.

Sai an fara sanin mutanen. An kafa rukuni na uku a 1973, yana da makarantu sama da 400, kuma dokarsa ta farko ita ce ba a ba ɗalibi tallafin karatu don ya iya wasa. Wanda ke riƙe da raket ranar Asabar, ranar Litinin yana da jarrabawar kimiyyar haɗa sinadarai kamar kowa. Amma kada a ɗauka wasan yara ne. Kwalejin Kalamazoo a jihar Mishigan ta ci kofin maza na farko a 1976, ta tara guda bakwai a hannun koci George Acker. Matan kwalejin Williams sun ɗauki kofi sau shida a jere daga 2008 zuwa 2013. Eric Butorac, wanda ya yi karatu a Gustavus Adolphus ta jihar Minesota, ya kai wasan ƙarshe na bibbiyu a gasar Australian Open ta 2014. A wurin waɗannan makarantu wasan bibbiyu abin tinƙaho ne: makarantar da ba ta iya janyo gwanayen ɗaiɗai tana iya zama ta koya wa yara tsayuwa a bakin raga, a tsohon lissafi ta kwashe maki uku kafin manyan su farga. Shi ya sa maganar rage masa nauyi ta sosa rai.

Kuma akwai abin da ya gabata. A watan Agustan 2012 kwamitin tanis na rukuni na ɗaya, wato na manyan jami'o'i, ya fito da shawarar gajarta karawa: a soke seti na uku a wasan ɗaiɗai (ana raba wasa seti-seti, seti kuma gem-gem) a maye shi da taibirek na ci goma, wato gajeren zagayen raba gardama da ake rige-rigen kai ci goma, a rage wasan bibbiyu zuwa seti ɗaya na gem shida, a taƙaita hutun sauya ɓangare. Hujjar ita ce karawa tana daɗewa, 'yan kallo suna watsewa, gidajen talabijin ba sa iya tsara lokaci. 'Yan wasa da yawa sai a labarai suka ji. Cikin 'yan kwanaki suka yi ca, Evan King na jami'ar Mishigan da Bob van Overbeek na Fulorida suna kan gaba, ƙungiyar tanis ta kwalejoji ITA da hukumar tanis ta ƙasa USTA su ma suka nuna ba su yarda ba. Wata mai bi aka yi watsi da sauyin ƙirgan. Sai bayan shekaru na gwaji da kai-komo aka shigar da wani tsari daban a gasar ƙasa ta 2016, wanda ya bar seti na uku a wurinsa. An tambayi mutane bayan an yanke hukunci, aka sha wahalar da tambaya tun farko za ta ɗauke.

Abin da ke cikin ƙunshin

Tsarin manyan jami'o'in, wanda aka yi ta muhawarar ko ƙanana su bi, abubuwa huɗu ne aka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai dunƙule makin bibbiyu. Akwai rage tsawon wasan bibbiyun daga gem takwas zuwa shida. Akwai soke tazarar ci biyu idan an yi kunnen doki a 40 da 40, a buga ci ɗaya na raba gardama, mai karɓar sabis, wato bugun farko, ya zaɓi ɓangaren da za a bugo masa. Akwai kuma tsayar da wasan da ya rage da zarar an san wanda ya ci. Kowanne da wanda yake taɓawa.

A ɗauki na farko, wanda aka fi ɗaga murya a kansa. A ido, nauyin bibbiyu ya faɗo daga kashi ɗaya cikin uku zuwa ɗaya cikin bakwai, kamar an kashe shi. A zauna da biro. A tsohon tsari, tawagar da ta ci bibbiyu 2 da 1 tana buƙatar wasa uku cikin shida na ɗaiɗai kafin ta kai biyar, abokiyar karawarta tana buƙatar huɗu. A sabon tsari, mai makin bibbiyu tana buƙatar uku kafin ta kai huɗu, ɗayar tana buƙatar huɗu. Daidai wa daida. Bambancin yana fitowa ne a yanayi ɗaya kaɗai: tawaga ta share bibbiyu 3 da 0, sannan ta ci biyu kacal a ɗaiɗai. A da ta tsira da 5 da 4, yanzu ta faɗi da 3 da 4. In ba wannan ba, duk yadda aka juya lambobin, wanda ya ci a da shi zai ci a yanzu.

To ke nan kocin da ya ce an zalunci wasan bibbiyu yana da gaskiya, amma sau nawa gaskiyar tasa take aiki? Amsar tana cikin takardun sakamakon da kowace makaranta ke ajiyewa. Mutum ɗaya zai iya zama da sakamakon shekara uku na gamayyarsu, wato rukunin makarantun da suke karawa da juna, ya ƙirga karawa nawa ne aka share bibbiyu sannan aka tashi 5 da 4. Aikin yini guda ne, kuma ya kamata a yi shi kafin a miƙa wa kowa takardar tambaya.

Na uku, cin raba gardama, shi ne wanda ke sauya wasan a hannun mai raket, kuma ba a cika tsayawa a kansa ba. Lissafinsa a fili yake. A ce ɗan wasa yana cin kashi 60 cikin ɗari na ƙwallayen da aka buga a sabis ɗinsa. In ana neman tazarar ci biyu, damarsa ta ɗaukar gem daga kunnen doki ta kai kusan kashi 69, domin tsawaitawa tana taimakon wanda ya fi. In ci ɗaya ne, damarsa 60 ce, ba ƙari. Wato tsarin yana ɗan rage wa mai ƙarfi fifiko, yana buɗe wa mai rauni ƙofa. Gem kuma ba ya wuce ci bakwai, don haka ana iya hasashen lokacin tashi. Sai dai akwai wani abu da 'yan wasa suka sani, masu zama a ofis ba su cika tunawa da shi ba: a yawancin karawar kwaleji ɗan wasa ne ke kiran layin ɓangarensa, shi ke cewa ƙwallo ta fita ko ta shiga. Alƙali ɗaya yana iya zagaya filaye shida. Ƙwallon da ta sauka a gefen farin layi a kan cin raba gardama, gem guda ce ta rataya a bakin yaro ɗan shekara sha tara, abokansa na ihu a bayansa. Duk takardar jin ra'ayin da ba ta tambayi wannan ba ta tsallake inda rigima take.

Sauyi na huɗu kuwa 'yan wasan ƙasan jeri yake ci. Makarantun arewacin ƙasar suna buga wasannin Fabrairu da Maris a cikin rufaffen ɗaki saboda dusar ƙanƙara, sau da yawa a filaye uku ko huɗu, wasu ma na haya. Da filaye uku, ɗaiɗai sai an yi layi biyu. In aka fara da na ɗaya zuwa na uku, tawaga mai makin bibbiyu ta cinye su, an kai huɗu. Idan dokar ranar ta ce a tsaya, na huɗu da na biyar da na shida sun sha zaman mota sun koma ba su buga ƙwallo ko ɗaya ba.

Yadda za a tambaya

A ce gamayya ce ta kwalejoji takwas da ke gab da irin wannan sauyi, kowacce da tawagar maza da ta mata, kowace tawaga mutum goma. 'Yan wasa 160 ke nan, da koci-koci da ba za su wuce 16 ba, wataƙila ma ƙasa da haka, tunda a ƙananan makarantu mutum ɗaya yakan riƙe maza da mata. Wannan adadin ya yi ƙanƙanta ga samfuri. Kowa za a tambaya.

Kafin tambaya, awo. A ba kowane mataimakin koci takarda guda mai gurabe kaɗan, ya cika a kowace karawa tsawon kaka ɗaya: ƙarfe nawa aka buga sabis na farko a bibbiyu, ƙarfe nawa aka gama, yaushe aka fara ɗaiɗai, yaushe aka san wanda ya ci, yaushe aka buga ƙwallon ƙarshe. A ƙara yawan filaye, a ciki ne ko a waje, da lokacin da mota ta bar makaranta da lokacin da ta dawo. Gurabe biyun ƙarshen su ne masu tona asiri. In tafiya awa huɗu ce zuwa, huɗu dawowa, to minti arba'in da aka rage a fili bai dawo wa ɗalibi da darasin da ya rasa ba, matsalarsa ta jadawali ce. In kuwa makarantun maƙwabta ne kuma hayar fili da awa ake biya, minti arba'in kuɗi ne a aljihu. Ba tare da wannan awon ba, kowa zai amsa ne da karawa mafi tsawo da ya taɓa gani, domin ita ce ta zauna masa a rai.

Takardar tambayar kada ta wuce shafi ɗaya, tambaya takwas ko goma. Kowane sauyi da tasa tambayar daban. Kalmomi su zama tsirara. "Ka yarda a gajarta karawa don ɗalibai su samu lokacin karatu?" wannan wa'azi ne, ba wanda zai ce a'a. "Ka yarda a rage darajar wasan bibbiyu?" shi ma haka, ta ɗaya gefen. Abin da ya dace shi ne a faɗi tsarin biyu yadda suke, gem takwas ko gem shida, a ce wanne ka fi so, a bar gurbin "duk ɗaya ne a wurina". Wannan gurbin yana da amfani ƙwarai: yana raba abin da mutane suka damu da shi da abin da masu ƙarfin murya kaɗai suka damu da shi. Bayan haka a ce mutum ya jera sauye-sauyen huɗu, daga wanda ya fi tsaya masa a rai zuwa wanda bai dame shi ba. A ƙarshe layi uku babu komai, da tambaya ɗaya: ba mu labarin karawa guda da tsarin ƙirga ya cuce ka ko ya taimake ka. Amsoshin wannan tambayar sun fi ba da wahalar karantawa, amma a nan ake tsintar abin da mai tsara takardar bai yi tunaninsa ba.

Ra'ayi kan abin da ba a ɗanɗana ba hasashe ne. Kakar tanis ta kwaleji kashi biyu ce, ɗan gajeren zango a watannin Satumba da Oktoba, sai babban zango daga Fabrairu zuwa Mayu inda ake neman kofi. Zangon farko shi ne wurin gwaji. A buga karawa biyu ko uku da sabon tsari, a raba takardar kafin gwajin, a sake raba ta bayansa, a duba su wa suka sauya da kuma kan wane sashe.

Sai maganar wanda zai karɓi takardun, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Koci shi ke tsara jeri, shi ke cewa wane zai buga na shida wane zai zauna a benci. In ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓa, bayan kowa ya ji shi yana sukar sabon tsari tun farkon kaka, abin da zai tara ra'ayinsa ne sau goma. Kowace makarantar NCAA tana da kwamitin ɗalibai 'yan wasa mai ba hukuma shawara. A ba wakilinsa aikin, zai fi kyau ma ya kasance ɗan ninƙaya ko ɗan ƙwallon kwando wanda ba ruwansa da jerin tanis. Ya raba, a cika a ɗaki ɗaya cikin minti goma, a zuba a ambulan, a liƙe a gaban kowa. Aika tambaya ta waya a ce kowa ya amsa in ya samu sarari yana jawo amsar masu fushi da masu zumuɗi, na tsakiya su yi shiru, alhali su ne suka fi yawa.

Ɓoye suna a tawagar mutum goma ba abu ne mai sauƙi ba. In takarda ta tambayi makaranta, da aji, da lambar da mutum ke bugawa, ta rubuta sunansa ke nan. Ɗan ajin ƙarshe mai buga na biyu a tawagar mata ta kwaleji kaza mutum ɗaya ce a duniya. Maganin shi ne a haɗa lambobin gida uku: na ɗaya zuwa na uku, na huɗu zuwa na shida, sai masu buga bibbiyu kaɗai da 'yan benci. Kada a tambayi makaranta, a tambayi yawan filayen da suke da su a lokacin sanyi, wanda shi ne abin da ake son sani. Kuma duk rukunin da bai kai mutum biyar ba, kada a fitar da sakamakonsa shi kaɗai.

Lokaci ma yana karkatar da amsa. Tawagar da ta faɗi jiya a kan cin raba gardama za ta tsine wa tsarin yau. A zaɓi mako ɗaya ga dukan makarantu, tsakiyar mako, ba lokacin jarrabawa ba, ba kuma bayan gasar gamayya ba.

Akwai mutanen da ba sa riƙe raket amma sauyin ya shafe su, kuma su kaɗan ne, zama da su ya fi takarda. Alƙalan wasa za su faɗi ko gardamar layi ta ƙaru. Mai kula da lafiyar 'yan wasa ya san wa ke zuwa masa da ciwon kafaɗa bayan karawa biyu a yini ɗaya. Mai kula da filaye ya san ƙarfe nawa masu haya na gaba suke tsaye a ƙofa. Tsofaffin ɗalibai fa? A saurare su, domin su ne ke ba da gudummawar kuɗin tafiyar hutun bazara zuwa Kalifoniya ko Fulorida, amma a ajiye amsarsu a jaka daban. Tsarin da suka yi ƙuruciya a cikinsa suke karewa, ba su ne za su buga ba.

Wajen ƙirga, kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba komai a tukunya ɗaya a fito da kashi cikin ɗari. A ce kashi 55 sun goyi bayan tsayar da wasa da zarar an san mai nasara. Lambar tana da kyan gani, amma in aka buɗe ta aka tarar na saman jeri kusan duka sun yarda, na ƙasa kusan duka sun ƙi, to ba goyon baya aka samu ba, waɗanda abin bai taɓa ba ne suka rinjayi waɗanda ya taɓa. Haka tsakanin maza da mata: inda ƙwallo ke daɗewa ana musayarta kuma sabis ba ya yanke hukunci da wuri, kunnen doki ya fi yawa, cin raba gardama kuma ya fi nauyi. A 2014, lokacin da manyan jami'o'i ke jayayya kan wannan batu, daga ɓangaren koci-kocin mata aka fi jin turjiya. Sakamakon maza da na mata a fitar da su daban, na koci-koci daban da na ɗalibai. In ra'ayin koci-koci ya saɓa wa na yaransu, wannan saɓanin shi kansa sakamako ne, a rubuta shi yadda yake.

Wasu abubuwan ba sai an jira hukumar ƙasa ba. Yadda ake ƙirga maki a gasar NCAA daga sama yake zuwa, amma ko za a ƙarasa sauran wasanni bayan an san mai nasara a karawar tsakiyar kaka, da wane layi zai fara shiga in filaye uku ne, galibi gamayya ko koci-kocin biyu ne ke daidaitawa. Ana iya fara ɗaiɗai da na biyu, na huɗu da na shida a wata karawar, a juya a ta gaba. Ana iya ƙarasa wasan da ya rage da taibirek na ci goma a madadin seti na uku, yadda yaro zai samu sakamako a takardarsa ba tare da an riƙe mota awa guda ba. Takardar tambaya ta bambance wa mai amsa abin da ke hannun gamayya da abin da sai dai a kai ƙorafi sama, don kada a ɗora masa tsammanin da ba mai iya cika shi.

Cikin mako uku da rufe ambulan, sakamako ya koma wa waɗanda suka cika, shafi ɗaya: mutum nawa aka tambaya, nawa suka amsa, me kowane rukuni ya ce kan kowane sashe, me za a sauya a kaka mai zuwa, me aka bari da dalilin barinsa. Wakilin da ya karɓi takardun shi zai karanta wa tawagar a ɗakin da suka cika su, koci yana zaune. A ajiye takardar tambayar ba tare da an taɓa kalma ɗaya ba, domin a sake raba ta bayan shekara biyu, lokacin da rabin waɗanda suka amsa sun gama karatu, sababbin kuma ba su taɓa buga karawar maki tara ba.